Yashi mita 9 a rijiya, mita 19 a sismik: ina kuskuren yake?

Ɗaliba_a_Sismik ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina. Akwai matsalar da ta hana ni sakat mako biyu ke nan, na ga gara in kawo ta gabanku kafin in miƙa wa mai duba aikina taswirar da ni kaina ban gamsu da ita ba.

An ba ni bayanan sismik na teku, wato hoton ƙarƙashin ƙasa da ake samu ta aika sauti a saurari amonsa, irin na 3D, haɗe da bayanan rijiyoyi biyu da aka haƙa a yankin. Aikina shi ne in bi wata shimfiɗar dutsen yashi da ke kwance tsakanin laka sama da laka ƙasa, in fitar da taswirar kaurinta. Zurfinta wajen mita 2,400 ne, a sismik kuma tana fitowa a kusan sakan 2 na lokacin zuwa da dawowa. Sauti ya fi samun tauri a lakar fiye da yashin, don haka saman yashin kwari ne a kan layin igiyar sautin, ƙasansa kuma tudu. Duka biyun suna fitowa tar, ba sai an ƙura ido ba. Na bi kwarin, na bi tudun, na ɗebe lokacin wannan daga na wancan, na ninka da gudun sauti a cikin yashin, wanda ma'aunin sonik na rijiya ya ba ni mita 3,000 a sakan, sannan na raba biyu.

Ga inda abin ya cije. A rijiya ta farko log, wato awon da aka ɗauka a cikin rijiyar, ya nuna kaurin yashin mita 9 ne cif. Sismik a daidai wurin ya ba ni milisakan 12.5, wato kusan mita 19. A rijiya ta biyu log ya ce mita 17, sismik ya ba ni milisakan 13, kusan mita 20. Da na duba yankin gaba ɗaya sai na tarar kusan ko'ina tsakanin milisakan 12 ne da 14, kamar an bi shimfiɗar da dutsen guga. Rijiyoyi sun ce kaurin ya kusa ninkawa daga nan zuwa can, taswirata ta ce bai motsa ba.

Na sake bin layukan da hannu. Na sake ɗaura rijiyoyin da sismik, ɗaurin ya zauna. Bayanan an ɗauke su ne duk milisakan 2, na mai da su duk milisakan 1, har rabin milisakan na gwada, babu abin da ya canja. Na kuma gwada matsakaicin gudu daga sama har wurin, mita 2,400 a sakan, ya ba ni mita 15, amma na san ba shi ya kamata in yi amfani da shi ba, neman lambar da za ta kwantar mini da hankali kawai nake yi, sai na bari.

An koya mana cewa iyakar rarrabewa ta tsaye, wato mafi ƙarancin kaurin da sismik ke iya raba samansa da ƙasansa, ita ce rubu'in tsawon zangon igiya. Na duba yawan kaɗawar igiyar a wannan zurfin, ƙarfinta ya fi taruwa a haz 28, wato kaɗawa 28 a sakan. In na raba 3,000 da 28 na sami zango mai tsawon mita 107, rubu'insa mita 27. Ke nan yashin nawa a rijiyoyin biyu bai kai iyakar ba. To me ya sa nake ganinsa ƙuru-ƙuru? In kuma ina ganinsa, me ya sa ba na iya auna shi? Kuma akwai abin da masu tace bayanai za su yi a fito da mita 9 ɗin nan? Allah ya saka da alheri.

Dattijon_Fili ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Hannunki bai yi kuskure ba, kwarin da tudun da kika bi su ne. Abin da kika auna ne ba yashi ba. Faɗin igiyar kanta kika auna, shi ya sa kika same shi ɗaya ko'ina.

Bari in ɗauko miki daga tushe. Ki tsaya nesa da katanga ki tafa, za ki ji tafinki, ki ji amsa-kuwwarsa daban. Ki yi ta matsowa, akwai inda za ki kai su biyun su haɗe su zama ƙara ɗaya. Saman yashinki da ƙasansa amsa-kuwwa biyu ne. Sautin da ya ratsa saman sai ya sauka kaurin shimfiɗar, ya bugi ƙasan, ya sake hawowa, tafiyarsa ninki biyu ce ta kaurin. Daga nan rubu'in ya fito: in kauri ya kai rubu'in zango, amo na biyu zai makara da rabin zango. Wannan mizani na Lord Rayleigh ne, shi kuma a kan haske ya yi shi, yana neman sanin lokacin da za a iya raba ɗigon haske biyu da ke kusa da juna a madubin hangen nesa. Mu aro shi muka yi.

Yanzu ki lura da siffar igiyar da muke aikawa. Ba tsini ɗaya ba ce kamar allura. Tana da gangar jiki a tsakiya da kunnuwa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma kunnuwan suna kallon akasin inda gangar jikin ta kalla. Amon saman yashinki kwari ne, don haka kunnuwansa tudu ne. Amon ƙasan tudu ne, kunnuwansa kwari. In shimfiɗa tana da kauri sosai, kowa yana gidansa, tazarar da kika auna ita ce ta gaskiya. In ta fara sirancewa, kunnen na sama zai fara hawa kan gangar jikin na ƙasa, tudu kan tudu, kunnen na ƙasa kuma ya faɗa cikin kwarin na sama. A daidai rubu'in zango suke haɗuwa baki da baki, amon ya kumbura ya fi ko'ina ƙarfi. Shi muke kira kaurin tunin. Da igiyar Ricker, samfurin igiyar da aka saba yin lissafi da shi, in amon sama da na ƙasa ƙarfinsu ɗaya ne, kumburin yana kai kusan kashi 45 cikin ɗari a kan na shimfiɗa mai kauri.

Ƙasa da nan kuwa sai gangar jiki ta fara cin gangar jiki, tunda ɗaya kwari ce ɗaya tudu. Ƙarfin amon ya riƙa raguwa, amma kwarin da tudun su ƙi matsowa kusa da juna. Tazararsu takan ɗan ragu kaɗan ta tsaya cak, ko da shimfiɗar ta koma mita 3. Lissafin gaskiya na mita 9 a gudun 3,000 milisakan 6 ne kacal. Igiyarki ba ta da hanyar da za ta nuna miki kwari da tudu a tazarar milisakan 6, mafi ƙanƙantar abin da take iyawa wajen 12 ne.

Akwai gyara ɗaya a lissafinki. Haz 28 da kika karanta shi ne inda ƙarfin ya fi tsayi a zanen kaɗawa, amma ba shi ake sa wa a lissafin rubu'in ba. Wanda ake sawa shi ne yawan kaɗawar da ido ke gani a kan igiyar, daga kunne zuwa kunne, kuma ga igiyar Ricker wannan ya fi wancan da kusan ninki 1.3. Kallweit da Wood sun warware wannan a 1982 a mujallar Geophysics. Naki ke nan wajen haz 36 ne, zango mita 83 zuwa 84, rubu'i mita 21, a lokaci kuma milisakan 14. Ki duba lambobin da kika kawo mana: 12 zuwa 14. Taswirarki ta faɗa miki faɗin igiyarki daidai, ba ta yi ƙarya ba.

Tambayarki ta me ya sa kike ganinsa, ita ce ta fi burge ni. Gani daban, rarrabewa daban. Rarrabewa ita ce ki ce ga sama ga ƙasa, ki auna tsakaninsu. Gani kuwa ki san akwai abu a wurin. A bayanai masu tsabta, in bambancin duwatsun yana da ƙarfi, ana hango shimfiɗar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin 30 na zango ba, a wurinki mita 3 ke nan. Tsakanin mita 3 da mita 21 akwai fili mai faɗi inda shimfiɗa take bayyana amma ba ta aunuwa da lokaci. A wannan filin labarin kaurin ya bar lokaci ya koma cikin ƙarfin amo. Ki je ki karanta ƙarfin kwarin da tudun a rijiyoyinki biyu ki dawo ki faɗa mana. Na yi shekaru ina ganin matasa suna zubar da wannan ma'aunin saboda an ce musu rubu'in zango bango ne, abin yana damuna ƙwarai.

Mai_Tace_Bayanai ya amsa:

Ƙanwata, Baba ya gama da ɓangaren fassara, ni zan taɓa tambayarki ta ƙarshe tunda nan ne aikina.

Mai da bayanai daga milisakan 2 zuwa 1 ba ya ƙara komai. Ɗauka duk milisakan 2 tana iya riƙe kaɗawa har haz 250, iyakar Nyquist ke nan, ke kuma abin da ya dawo miki daga zurfin nan bai kai ko kusa ba. Kin ƙara ɗigo ne a kan layin da aka riga aka zana. Amfaninsa ɗaya, bin layi yakan ɗan yi santsi.

Don ki raba mita 9 da mizanin rubu'i kina buƙatar zango mai mita 36, wato kaɗawa wajen haz 83. Matsalar ita ce ƙasa tana shanye kaɗawa mai yawa kafin mai kaɗan. Tsawar da ta faɗi kusa da ke ƙara ce mai kaifi, wadda ta faɗi nesa rugugi kawai ke isowa, duk abu ɗaya ne. Muna auna wannan shanyewar da lambar Q. Ɗauki Q 100 a matsayin misali, da tafiyar sakan 2 irin taki: haz 20 zai dawo da kusan kashi 28 cikin ɗari na ƙarfinsa, haz 60 kusan kashi 2, haz 83 bai kai kashi 1 ba. Ga shi gudun sauti yana ƙaruwa da zurfi, zango yana daɗa tsawo. Kusa da sama, gudu 2,000 da haz 50, rubu'in mita 10 ne. Can ƙasa, gudu 5,000 da haz 20, ya haura mita 60. Sismik ɗaya, ido biyu.

Tunda na teku ne, ki nemi rahoton ɗauka ki ga zurfin da aka ja kebul ɗin na'urorin sauraro. Amon da ya taso yakan wuce kebul ɗin, ya bugi fuskar ruwa, ya dawo a juye, ya kashe wani yanki na kaɗawar. Wurin da yake kashewa shi ne gudun sauti a ruwa, mita 1,500 a sakan, a raba da ninki biyu na zurfin kebul. Kebul a mita 8, ramin yana wajen haz 94. A mita 15, haz 50. In ba a cire wannan amon na fuskar ruwa, da muke kira inuwa, ba a tacewa, ko ƙasa ta bar miki wani abu, ramin ya cinye.

Akwai abin da za mu iya. Dikonbolushan yana matse igiyar, gyaran Q yana maido da wani abu daga abin da aka shanye, cire inuwar fuskar ruwa yana faɗaɗa zangon kaɗawa sama da ƙasa. Kada ki raina na ƙasan, kaɗawa mai kaɗan ita ke rage girman kunnuwan da Baba ya ambata. Sannan ki nemi a ba ki tarin layukan kusa daban, wato na na'urorin sauraron da ke kusa da inda aka saki sautin, domin gyaran NMO, wanda ke daidaita lokacin layukan kafin a tara su, yana miƙe igiyar layukan nesa, in an tara su duka sai a rasa kaifi. Duk wannan zai iya sauko da mita 21 ɗinki zuwa ƙasa kaɗan. Ban ga yadda zai kai 9 ba. In wani ya nuna miki sashe mai layuka sirara birjik a wannan zurfin, ki ce a ɗaura shi da rijiyar da ba a yi amfani da ita wajen tacewar ba. Inda hayaniya ta fi sigina ƙarfi, ɗaga kaɗawar ɗaga hayaniya ne, kuma hayaniyar da aka tace takan yi kama da shimfiɗu.

Abu biyu ki tabbatar kafin ki bi shawarar Baba: ba a sa AGC a bayanan ba, don shi yana daidaita ƙarfi da rauni ya shafe abin da kike nema, kuma igiyar mai daidaiton gefe biyu ce, gangar jikinta tana kan iyakar dutse.

Ɗaliba_a_Sismik ta amsa:

Na gode Baba, na gode Yaya. Na duba rahoton: babu AGC, kebul yana mita 8, igiyar kuma an daidaita ta. Amma Baba, na ci karo da wani wuri da aka ce iyakar kashi ɗaya cikin takwas ce ta zango, ba rubu'i ba. A nawa mita 10 da rabi ke nan. Wanne zan riƙe?

Dattijon_Fili ya amsa:

Duka biyun, 'yata, don ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na takwas ɗin daga Widess ne, a maƙalarsa ta 1973 a Geophysics. Ya nuna cewa in shimfiɗa ta sirance zuwa wajen kashi ɗaya cikin takwas na zango, siffar amon da ke dawowa ta daina canjawa sam, girmansa kawai ke canjawa, kuma girman yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurin: a raba kauri biyu, ƙarfi ya rabu kusan biyu. Ya yi lissafinsa ne babu hayaniya. Tsakanin rubu'i da na takwas siffar tana ɗan motsi, amma motsin ƙanƙane ne, hayaniyar bayanan gaske tana binne shi. Ke kin gani da idonki, rabin milisakan ne tsakanin mita 9 da mita 17. A aiki na yau da kullum rubu'in ne inda za ki daina amincewa da lokaci.

Ki gina weji, wato samfurin shimfiɗa a kwamfuta. Yashi mai farawa daga sifiri ya yi ta kauri har mita 50, laka sama da ƙasa, ki sa gudu da nauyin da log ya ba ki, ki bi da igiyar da kika ciro daga bayananki. Ki zana layi biyu, ɗaya na tazarar lokaci ɗaya na ƙarfi. Aikin yini ɗaya ne, kuma abin da za ki gani zai zauna miki fiye da duk abin da na rubuta.

Malamin_Duwatsu ya amsa:

Malama, ban saɓa wa Baba ba, sai dai ina so in ja miki birki kaɗan. Ƙarfin amo ba kauri kaɗai yake ji ba. In ramukan da ke cikin yashin sun ƙaru, ƙarfi zai ƙaru. In gas ya maye gurbin ruwa, zai ƙaru sosai. In lakar da ke sama ta canja hali, zai canja. Wejin yana ɗauka cewa duk waɗannan a tsaye suke, kauri ne kaɗai ke motsi, ƙasa kuwa ba ta yi mana wannan alkawarin ba. Rijiya biyu ɗigo biyu ne, kowane layi miƙaƙƙe zai ratsa su.

Ki kuma koma kan log ki duba ko mita 17 ɗin nan yashi ne zalla. Log yana ganin abin da bai kai rabin mita ba, sismik ɗinki yana ganin jimilla. In akwai siraran laka a ciki, ƙarfin amon zai fi bin jimillar yashin tsantsa, ba tazarar sama da ƙasa ba. Wannan ba aibi ba ne, sau da yawa ma shi ake nema, amma ki san wanne kike zanawa ki rubuta shi a kan taswirar. Sannan ki leƙa mita 20 sama da yashin da mita 20 ƙasa da shi. Duk wata shimfiɗa mai ƙarfi a wannan tazarar, ko farar ƙasa ko gawayi, kunnenta yana cikin amonki.

Ɗaliba_a_Sismik ta amsa:

Malamaina, na dawo da sakamako. Na fara gina wejin da igiyar Ricker mai haz 28 don in ga siffar a tsabtace, sannan na maimaita da igiyar da na ciro daga bayanan, bambancinsu bai yi yawa ba.

Layin lokaci ya yi yadda Baba ya faɗa. Daga mita 50 yana kusan bin gaskiya har wajen mita 21, daga nan ya kwanta. A mita 17 ya ba ni milisakan 13.1, a mita 9 ya ba ni 12.2. Na ajiye su kusa da 13 da 12.5 da na auna a rijiyoyin, na daɗe ina kallonsu. Mako biyu ina zargin hannuna, ashe amsar tana cikin lambobin tun ranar farko.

Layin ƙarfi shi ya fi ɗaukar hankalina. In na ɗauki ƙarfin shimfiɗa mai kauri a matsayin 1, yana hawa zuwa kusan 1.45 a mita 21, a mita 17 yana wajen 1.39, a mita 9 kuma 0.94. Wejin ke nan yana cewa rijiya ta biyu ta fi ta farko ƙarfi da kusan ninki ɗaya da rabi. A bayanan gaske na sami ninki 1.6. Malam, na koma kan log kamar yadda ka ce. Babu gas a ko ɗaya, babu shimfiɗa mai ƙarfi kusa, yashin rijiya ta farko yana da siririyar laka ɗaya da ba ta kai mita ɗaya ba, na biyun kuma ramukansa sun ɗan fi yawa. Ina jin daga nan ƙarin ya fito, zan sake wejin da alƙaluman kowace rijiya daban in gani.

Wani abu kuma da ban zata ba: ƙarfin mita 9, wato 0.94, kusan ɗaya yake da na shimfiɗar mita 40 ko 50. Da ƙarfi kaɗai na bi, da na rikita siririya da mai kauri. Lokacin ne ke raba su, ɗaya 12 da ɗoriya, ɗaya ya haura 26. Haka kuma tsakanin mita 17 da 21 layin ƙarfin ya kusa kwantawa a ƙololuwa, a nan ba lokaci ba ƙarfi, babu mai ba ni amsa mai kaifi, zan sa wa wannan yankin alama ta daban.

Yadda na tsara yanzu: inda tazara ta haura milisakan 14 zan yi amfani da lokaci, inda ta tsaya tsakanin 12 da 14 zan karanta kauri daga layin ƙarfi, in rubuta a gefen taswirar cewa rijiya biyu kawai aka ɗaura da su. A kudancin yankin akwai wani ɗan zirin da tazarar ta kai milisakan 17 zuwa 18, ƙarfin kuma ya ragu daga na ƙololuwa, wanda a lissafi mita 26 ne ko 27. Da farko na ɗauka kuskuren bin layi ne na goge shi, yanzu na maido da shi. Yaya, na rubuta takardar neman tarin layukan kusa. In ya iso zan ciro igiyarsa in sake gina wejin da ita, don kaurin tunin ɗinsa ba zai zama mita 21 ba.